Yadda ake lissafin rarar kwana da bibiyar doguwar sarƙar aiki a manhajar tsara kwangila

Duk ɗan kwangilar da ya taɓa gini a Zariya ya san ba kowane jinkiri ne ke taɓa ranar miƙa makulli ba. Mai walda zai iya yin mako bai kawo tagogi ba, ko a jikin aikin. Birkila kuwa ya yi fashin kwana ɗaya, komai ya ja baya. Lissafin da ke bambance su ya samo asali ne a Amurka a 1957, a hannun injiniyoyin kamfanonin DuPont da Remington Rand, kuma a kansa manhajojin Microsoft Project da Primavera P6 da ProjectLibre ta kyauta suka ginu.

Mu ce ajujuwa biyu za ka gina a Samaru. Fara da jera ayyukan da kwanakinsu: fandisho 6, ginin bulo har linta 10, rufin kwano 7, ƙera tagogi 8, fentin tagogi 2, sa tagogi da filasta 5. A Microsoft Project ka mai da kowane aiki Auto Scheduled, wato manhajar ce za ta riƙa lissafa ranakunsa, sannan ka shiga Change Working Time ka gyara kalanda, don manhajar Litinin zuwa Juma'a ta sani, alhali leburorinmu na aiki ran Asabar, Juma'a kuwa da wuya a cika yini.

Sai ɗaure ayyukan a gurbin Predecessors. Bulo na jiran fandisho, rufi na jiran bulo. Ƙera tagogi fandisho kawai yake jira, fenti na binsa, filasta kuma ba za ta fara ba sai rufi da fenti sun kammala. Kada ka rubuta ranar farawa da hannunka. Da zarar ka yi haka manhajar za ta hana aikin farawa kafin wannan rana, lissafin ya daina faɗa maka gaskiya.

Ko da kwamfuta za ta yi maka, ka gwada da biro sau ɗaya don ka san abin da take yi. Lissafa daga farko zuwa ƙarshe: fandisho ya ƙare rana ta 6, bulo 16, rufi 23, filasta 28. Ta ɗaya ɓangaren, tagogi sun fito rana ta 14, fenti ya bushe 16. Yanzu juyo daga ƙarshe. In ana so a gama a 28, dole filasta ta fara bayan rana ta 23, ke nan fenti na da izini har 23, ƙera tagogi har 21. Cire ranar da aiki zai iya ƙarewa da wuri daga ranar da ta zama iyakarsa: 21 ban da 14, rarar mai walda kwana 7. Fandisho, bulo, rufi da filasta rararsu sifili. Su ne doguwar sarƙa.

Don ganin wannan a allo, shiga View, Tables, ka zaɓi Schedule, za ka ga Total Slack (rarar da muka lissafa) da Free Slack (kwanakin da aiki zai iya makara ba tare da ya taɓa aikin da ke binsa ba). A shafin Format kuma ka latsa Critical Tasks, doguwar sarƙar ta koma ja.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mai walda rararsa 7, mai fenti ma 7, amma ba 14 ba ne. Kwana bakwai ɗin nan na tarayya ne. In mai walda ya ci biyar saboda rashin wuta, biyu suka rage wa mai fenti. Free Slack ne ke tona wannan: na mai walda sifili ne, don ko kwana ɗaya ya makara sai mai fenti ya ɗaga ranarsa. Shi ya sa ba na son a gaya wa mai sana'a yawan rararsa. Ka ce, "Malam, ran Alhamis nake so," ka bar sauran a cikinka.

Kafin a sa diga a ƙasa, ka danna Set Baseline domin adana tsarin asali. Daga nan kowane mako ka shigar da ainihin ranar da aka fara da wadda aka gama, ka duba Tracking Gantt, shafin da ke gwama tsarin asali da inda aiki yake yanzu. Sarƙar ba ta zama wuri ɗaya: tagogi su makara kwana 8, sai jan ya bar rufi ya koma kansu. Ni nakan shiga Options, Advanced, in sa duk aikin da rararsa ba ta wuce kwana 2 ba ya fito ja, musamman in ginin zai ratsa Agusta, lokacin da ruwa kan hana zuba kankare.

In ka sa wa'adin mai gini a gurbin Deadline kuma ka ga rara ta koma ƙasa da sifili, misali -3, to tsarin ya zarce alkawari da kwana uku. Ƙara wa mai fenti yara ba zai dawo da ko awa ɗaya ba. A kan jan layi za ka nemo kwana ukun: ƙarin birkila a bulo, ko kafinta ya fara haɗa katakon rufi a ƙasa tun ana linta.