Kurakuran da aka fi yi wajen sayen sababbin littattafai, da yadda ake gyara su

Tambayar da mai kantin littattafai ya fi ji ita ce, "Wane littafi mai daɗi ne ya fito?" Kuskuren farko ke nan. Wanda aka yi wa wannan tambaya bai san ka ba, don haka zai miƙo maka abin da ya fi tafiya a makon, ko ya dace da kai ko bai dace ba. Maimakon haka, ka ambata masa littattafai biyu ko uku da ka karanta suka yi maka, sannan ka ƙara da ɗaya da ka ajiye ba ka ƙarasa ba, ka faɗi abin da ya sa. Wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani, domin shi ke nuna masa abin da ke gundurar ka: jan labari ne, ko yawan taurari, ko nauyin harshe. In kyauta za ka yi wa yaro, faɗi shekarunsa da irin karatun da yake iya yi shi kaɗai. Kada kuma ka ji nauyin tambayar mai kanti ko shi da kansa ya karanta littafin. Kamfanonin ɗab'i kan aika wa masu kantuna kwafin gwaji watanni kafin fitowar littafi, amma ba mahalukin da ke karanta duk abin da ke kan kantarsa, kuma mai gaskiya zai gaya maka in ji ya yi a bakin wasu.

Kuskure na biyu ya fi cin kuɗi: ɗaukar sabon bango a matsayin sabon littafi. Kamfanoni da yawa kan fara fitar da littafi da bango mai tauri, sai bayan kamar shekara guda su fitar da mai laushi da wani zane dabam, a jera shi cikin sababbi. Wani lokaci ma littafi ɗaya kan fito da suna ɗaya a Ingila, da wani sunan a Amurka, mutum ya sayi abin da yake da shi a gida. Maganin duk wannan yana shafi guda, wato bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin. A nan ake rubuta shekarar da aka fara buga shi, da sunansa na asali in an canza, da sunan mafassari in fassara ce. A littattafai da yawa za ka ga jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4 3; lambar da ta fi ƙanƙanta ita ke nuna karo na nawa aka buga, a wannan misali karo na uku. Sake bugu bai canza komai a rubutun ba, sai dai gyaran ƙananan kurakurai. Bugun da aka yi wa bita kuwa an taɓa abin da ke ciki, kuma a littafin makaranta, ko na shari'a ko na likitanci, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A shafin nan ne kuma lambar ISBN take, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa. Tun daga 2007 lambobi 13 ce, tana farawa da 978 ko 979. Tsofaffin littattafai masu 10 ne. Kowane nau'i yana da tasa: mai bango mai tauri dabam, mai laushi dabam, na karantawa a waya dabam. Saboda haka in za ka ba da oda, ka bayar da wannan lamba. Suna kawai bai isa ba, musamman ga shahararren littafi, inda ake samun wasu ƴan siraran littattafai masu kama da shi a suna da bango, alhali taƙaitawa ce da wani ya yi.

Sai ruɗuwa da abin da aka rubuta a bango. Kalaman yabon da ke baya kamfanin ɗab'i ne ya nemo su, ya zaɓi masu daɗi. A manyan kantuna, teburin bakin ƙofa ma wani lokaci kamfanoni ke biyan kuɗinsa. Tambarin "wanda ya fi kasuwa" yana nufin an saya da yawa ne cikin ɗan lokaci, bai ce an karanta ba. Jaridar New York Times, a jerinta na littattafan da suka fi kasuwa, har wata alama take sakawa kusa da littafin da aka saye shi da yawa a dunƙule. Haka batun kyauta: shiga jerin farko na gasar Booker ta ƙagaggun labaran Turanci, mai littattafai 12 ko 13, dabam yake da shiga jerin shidan ƙarshe, balle cin kyautar. Kyautar adabi ta Nobel kuwa marubuci ake ba wa, shi ya sa tambarin ke hawa kan duk abin da ya rubuta, har da wanda bai kai sauran ba. Abin yi shi ne ka buɗe littafin ka karanta shafin farko, sannan ka tsallaka tsakiya ka karanta wani. Shafin farko kowa yana ƙawata nasa. A tsakiya ake gane marubuci.

Mutane kaɗan ne ke duba jikin littafi kafin su biya, kuma minti ɗaya ya isa. Ana buga littafi ne ƙunshi-ƙunshi, galibi shafi 16 ko 32 a kowane ƙunshi, don haka in an yi kuskure wurin haɗawa, shafuka 16 ko 32 ne za su ɓace gaba ɗaya ko su maimaitu. Ka bi lambobin shafi da babban yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Ka buɗe tsakiya a hankali: in gam ɗin ya yi ƙara ko ya tsage, fallayen ba za su daɗe ba. Rubutu dishi-dishi, hoto baƙi ƙirin, layi a karkace, takardar da ake hango rubutun bayanta, duk alamun bugun satar fasaha ne, wanda marubuci bai samun ko sisi daga gare shi. Ka riƙe rasit, ka kuma tambayi kwanakin da aka yarda a dawo da kaya.

In littafin na cikin jeri ne, tabbatar da cewa juzu'i na ɗaya ne a hannunka, don ba kowane bango ke faɗa ba. In na karantawa a waya ne, duba ko zai buɗu a na'urarka: wanda aka saya a kantin Kindle na kamfanin Amazon galibi a kulle yake, sai a na'ura ko manhajar Kindle. Littafin da bai fito ba tukuna kuma, ranar da aka sanar kan iya matsawa gaba, don haka kafin ka ajiye kuɗi ka tambayi mai kanti ko za a mayar maka da su in an ɗage ranar.