Matakan Tunkarar Masu Ɓatanci a Shafin Sana'a

Mutane da dama sun tambaye ni abin yi idan aka zage su kan abin da suka wallafa game da aikinsu a LinkedIn ko Facebook. Ga matakan a jere.

1. Ka ajiye wayar har zuciyarka ta huce.

2. Ka sake karanta maganar domin ka tantance ko ƙorafi ne na gaskiya ko neman fitina.

3. Ka ɗauki hotonta, saboda mai ita yana iya goge ta.

4. Idan ƙorafi ne, ka amsa sau ɗaya cikin ladabi, kana roƙon ku ƙarasa maganar ta saƙon sirri.

Hattara, a nan ne yawancin mutane ke zamewa: kada ka goge ƙorafi mai tushe, domin abokan hulɗa suna lura, kuma a ganina gogewar ta fi zagin ɓata suna.

5. Idan zagi ne tsagwaronsa, ka ɓoye shi. A shafin kasuwanci na Facebook, mai zagin da abokansa kaɗai za su ci gaba da ganinsa.

6. Idan ya dawo, ka toshe shi.

7. Idan abin ya kai ga barazana, ka miƙa hoton nan ga 'yan sanda.