Yadda zaka juye wakokin faifan CD zuwa waya ko memori

Duk wanda ya tara faifai a gida, na kidan kalangu ne ko bege ko wakokin biki da aka siyo Kofar Wambai ko ranar kasuwar Wudil, ya san basa dadewa a garuruwan mu, kurar hunturu ta shiga akwati, zafin kwano ya lankwasa wasu, yara kuma su maida sauran madubi. Ga na'urar saka su ma yanzu sai an sha wuya ake samun mai gyara. To gara ka kwashe abinda ke ciki tun faifan yana karantuwa.

Kayan aiki ba yawa: kwamfuta mai gidan saka faifai, memori ko filash, da kadirida. Sabbin laftof yawanci basu da gidan faifan, sai dai ka samu tsohuwa ko ka sayi na waje wanda ake jonawa ta USB, ana samu a Beirut Road cikin Kano. In baka da kwamfuta je wajen mai turin wakoki ko mai shagon fotokwafi, amma ka tsaya a kansa. Kuma ka tabbata akwai caji ko sola, kar wuta ta dauke ana tsakiyar aiki.

Da farko goge faifan da kyalle mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, kar ka bi shi zagaye. In yayi maiko ruwa da dan sabulu ya isa, ka bari ya bushe a inuwa. Banda fetur ko kananzir don Allah.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke tafka asara, ka gane wane irin faifai ne a hannunka don iri uku ne suke yawo a kasuwa. Saka shi ka bude ka duba. In kaga fayil masu .mp3 a karshe ka huta, kwafa kawai ka zuba a memori. In kaga Track01.cda, Track02.cda har kasa, wannan shine faifan sauti na asali wanda baya wuce minti 80, kuma wadannan fayil din ba wakar bace, alama ce kawai mai nuna inda wakar take a jikin faifan, shi yasa zaka ga kowanne 1KB. Mutum sai ya kwafe su cikin dakika daya yana murna, ya hau babur ya koma gida ya saka a waya, shiru kake ji.

Irin wannan sai da Windows Media Player, manhajar sauraron waka ta kwamfuta mai Windows. Bude shi, faifan zai fito a gefen hagu. Kafin ka taba komai shiga Rip settings, wajen Format ka zabi MP3, don in ka barshi yadda yazo zai iya fitar maka da WMA wanda rediyon memori da kananan wayoyi da yawa basa karantawa. Sai Audio Quality, wato lambar ingancin sauti. 128 yana cin kusan 1MB duk minti daya, ya wadatar ga wa'azi ko karatu, amma kida ni dai 192 nake sawa don ganga tafi fitowa sosai, kuma ko a haka memori 8GB zai dauki sama da faifai 60. Sai ka danna Rip CD ka jira. Wakokin zasu sauka a folda ta Music, galibi karkashin Unknown Artist tunda faifan mu na gida intanet bai san su ba.

In faifan ya kakkarce yana tsalle, shiga Options, Devices, ka zabi gidan faifan, Properties, ka kunna error correction. Zai yi nawa amma yakan ceto wasu. Wanda ya tsage kam sai hakuri.

Iri na uku shine VCD, mai hoto. Ciki akwai folda MPEGAV da fayil irin AVSEQ01.DAT. Kwafe su kan kwamfuta tukunna, sai ka bude manhajar kallon bidiyo ta VLC, kyauta ce, ka shiga Media, Convert/Save, Add ka dauko fayil din, in bai nuna ba ka zabi All Files, wajen Profile ka sa Audio - MP3, ka bashi suna da inda zai ajiye, Start. Hoton zai tafi sautin ya tsaya.

Kar kayi kasalar sa suna. A take kana zaune ka saurari farkon kowace waka ka rubuta sunan mawaki da wakar, kowane faifai da foldar sa, in ba haka ba zaka tashi da Track 1 guda talatin baka san wanne ne wanne ba. Ka dan ja kowacce zuwa karshe ma kaji bata yanke ba.

Sai ka ajiye waje biyu, daya a memorin waya daya a filash, don memorin bogi sun cika kasuwa, zaka ga an rubuta 32GB amma da ka zuba kaya sai su bace. Faifan ma kar ka yar, maida shi kwalinsa a tsaye nesa da rana. In a shagon mai turi kayi aikin, kace ya goge nasa kwafin a gabanka kafin ka tashi, kai don kanka ka siya, ba don a rika turawa mutane wakar wani ana karbar kudi ba.