Yadda za ka gwada fentin ƙaramin kan jirgin ƙasa da na ainihi

Layin dogo ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964. Tun daga lokacin kawunan jirgi iri-iri sun bi ta kansa, kuma wanda duk ya daɗe yana aiki an sha sake masa fenti. Don haka mai haɗa ƙaramin kan jirgi na ado, na kanti ya saya ko da gwangwani ya ƙera, bai kamata ya ce ai kore da ruwan ɗorawa ne launin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ya hau shafawa ba. Wane kan jirgin? Na wace shekara?

Abu na farko, ka tsayar da guda ɗaya. Kowane kan jirgi da lambarsa a jiki. Waɗanda kamfanin General Electric ya ƙera, aka kawo a 2010, lambarsu ta fara daga 2201, kuma fasalinsu daban da 'yan China da suka zo a shekarun 1990. Ka zaɓi lamba ɗaya da zamani ɗaya, ka riƙe. In ka ɗauko gaba daga hoton wannan, gefe daga na wancan, za ka ƙare da jirgin da bai taɓa hawa dogo ba.

Sai hotuna: gaba, baya da gefe biyu, don ba lallai hagu ta yi daidai da dama ba. Na rufi ya fi wuyar samu, ga shi kuwa shi ido ke fara gani in an aje ƙaramin a kan tebur. Jirgi ya yi wuyar gani a layinmu yanzu, saboda haka tsofaffin hotuna da na intanet za ka fi dogara da su. In za ka ɗauki hoto a tasha, nemi izinin ma'aikata tukuna. Tsofaffin ma'aikatan reluwe kuwa ka gaishe su da kyau ka zauna. Sukan tuna abin da hoto baƙi da fari ba zai faɗa maka ba.

Kafin launi, awo. A nan mutane suka fi gaggawa, a nan kuma aikin yake. Faɗin tsakanin ƙarafan dogon Bauchi da Gombe milimita 1,067 ne, ba kamar na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba. Wannan shi ne rularka. A hoton da aka ɗauka daga gaba sak, auna tsakanin ƙarafan biyu daidai inda gaban jirgin yake, sannan ka auna faɗin ratsin ruwan ɗorawan. In ratsin ya yi kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar, to a zahiri ya kai wajen milimita 267. Sai ka raba da ma'aunin naka. A ma'aunin HO, wato 1:87 (babban ya ninka ƙaramin sau 87), zai ba ka milimita 3 da 'yan kai. A OO mai 1:76, uku da rabi. Ɗora rula a kan ƙaramin ka gani. Daga nan ka bi ratsin da ido tun daga hanci har baya: ina ya fara, ta ƙasan taga ya bi ko ya yanke ta, ya haye ƙofa, ya zagaya kusurwa ko ya tsaya? A ganina kore ya ɗan yi duhu da sauƙi, a kan a ce ratsi ya sauka inda ba wurinsa ba.

Yanzu launi. Kada ka yarda da fuskar waya, kowace da irin korenta. Hoton da aka ɗauka cikin hazo yakan kashe launi, na yamma kuma ya sa shi ja-ja. Ka tara hotuna uku ko huɗu, ka fi amincewa da wanda farin abu ya fito fari a cikinsa. Shafa fentin a ɗan falle, bar shi ya bushe sarai, ka fito da shi inuwa da hantsi ka gwada, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Masu haɗa fentin mota gwanaye ne a nan, in ka je musu da hoto bugagge. Ƙaramin abu yakan fi kyau da launi mai ɗan haske fiye da na ainihin, don haka ɗigon fari ba laifi.

Rubutu da lamba ba su da dogon bayani: ka duba girmansu, siffar haruffa, da ko fari ne ko ruwan ɗorawa. Haka ƙarfen riƙewa, matakala da ƙugiyar haɗa tarago.

Saura datti. Jirgin da ya sha hanyar Kuru ta jihar Filato zuwa Gombe ba ya ƙyalli. Ranarmu takan koɗar da fenti, rufi ya fi shan wahala. Baƙin hayaƙi na kewaye bututu, mai na tsiyaya gefen tanki, jar ƙura na kwanciya a ƙafafu. Kankare alli mai launi ka shafa da busasshen burushi, kaɗan-kaɗan, kana duban hoton. Bayan haka ka ɗauki hoton ƙaramin daga kusurwar da aka ɗauki babban, ka jera su gefe da gefe a waya. Inda suka saɓa, nan za ka koma da burushi.