Kurakuran da ke kashe furobayotik kafin ya amfani kifin tirawut

Tirawut kifin ruwan sanyi ne, shi ya sa ba a ganinsa a tafkunan Kano ko Maraɗi. A wurare irin su Turkiyya, Iran, Chile da tsaunukan Lesotho ake kiwonsa. Masu kiwon kan sa masa furobayotik a abinci, wato bakteriya masu amfani da ke zama a hanji su hana masu cutarwa sakat. Sai dai ana yawan manta cewa masu rai ne.

A wurin haɗa abinci aka fi tafka asara. Zafin injin da ke matso ƙwayar abinci yakan haura digiri 100. Duk wanda ya cuɗa furobayotik a gari kafin ya shiga injin, mushe zai ba kifinsa, da kuɗinsa kuma. Furobayotik dangin Lactobacillus ba sa jure wannan wuta, haka ma Pediococcus acidilactici, wanda Tarayyar Turai ta amince a sa wa dangin tirawut a 2009. Bacillus ya fi taurin rai don yana ƙunshe kansa cikin ɓawo, amma shi ma ba ya fita lafiya lau. A bari abincin ya huce, a dama furobayotik da ɗan ruwan da babu sinadarin kulorin, a fesa, a bi da man kifi don kada ruwa ya wanke shi, a shanya a inuwa. Na 'yan kwanaki ake haɗawa, a ajiye a wuri mai sanyi. Mai kiwon tarwada ma wannan ya shafe shi.

Wasu kuma sukan haɗa furobayotik da maganin kashe bakteriya irin oxytetracycline. Maganin ba ya bambance ɗan gida da ɓarawo, don haka a gama shi tukuna.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai jira sai cutar jan baki, wadda bakteriyar Yersinia ruckeri ke haddasawa, ta fara zubar masa da kifi, sannan ya garzaya neman furobayotik. Ba ya warkar da kifin da ya daina cin abinci, ba ya kuma maye gurbin rigakafin cutar, wanda Amurka ta ba lasisi tun 1976. Makonni ake yi ana ba da furobayotik, kuma da an daina yake fara ɓacewa daga hanji.

A duba takardar jikin kwalin ma. Wanda aka yi don kaji ya saba da jiki mai ɗumi, ruwan tirawut kuwa wajen digiri 15 ne.