Labule mai moto: yadda ake jan wayar swici na ɗaki da na gida gaba ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Kwanaki wani Alhaji a unguwar Madina ta Ankara ya kira ni wai labulayen falonsa sun haukace, in an danna sama sai guda ya kai ƙarshe ya ɗan dawo, ɗayan kuma yana ta karkarwa yana ƙara kamar ƙudan zuma ya shiga bango. Ina buɗe bos ɗin swici na ga abin da nake zato, yaron da ya yi aikin ya murɗe wayoyin motocin labulayen duka wuri guda ya cusa a swici ɗaya kamar ƙwan fitila. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yi, dan yanzu sabbin gidaje a Ankara da Kumasi kowa na son labulen da zai naɗe kansa.

Moton nan (ba na hawa ba fa, kar wani ɗan Nima ya ce ina ne tayar) dogo ne kamar gora, yana cikin bututun da labulen ke naɗewa a kai. Wanda nake magana a kai shi ne mai cin 230 volt irin wutar da ECG ke ba mu, waya huɗu ke fitowa daga jikinsa: bulu nutural, kore da rawaya at (wato earth, wayar kariya daga shokin), sai ruwan ƙasa da baƙi. In ka ba ruwan ƙasa wuta ya juya gefe guda, in ka ba baƙi ya juya ɗaya gefen. Wanne ne sama wanne ne ƙasa? Ya danganta da ko moton na hannun dama ko hagu na taga, in ka gwada ka ga ya yi akasi kawai ka musanya biyun nan. In naka waya uku ne da rimot, wannan rediyonsa na ciki, kar ka haɗa shi da tsarin nan.

A nan ka buɗe ido. Gidajenmu da yawa ja da baƙi aka ja, baƙi shi ne nutural a bango, amma baƙin moto layif ne. Na sha ganin wanda ya ga baƙi da baƙi ya ce ai 'yan gida ɗaya ne ya haɗa. Ka naɗa selotef mai kala a bakin kowace waya kafin ka ja ta cikin fayif.

Swicin ma ba na fitila ba ne. Ka sayi na labule mai kibiya biyu wanda in ka danna sama ƙasa ba zai shiga ba, dan in wayoyin biyu suka samu wuta lokaci guda moto zai ci wuya. Kuma ka koya wa yaran gida su tsayar da shi tukuna kafin su juya, ko rabin sakan ne.

To me ya hana a haɗa moto biyu a swici ɗaya? Cikin kowane moto akwai kondensa irin na fanka tsakanin wayar sama da ta ƙasa, lokacin da yake tafiya sama ita ma wayar ƙasan tana ɗauke da wuta ta hanyar kondensan, ka sa mita ka gani. Labule biyu kuma ba sa kai ƙarshe tare, wanda ya riga isa limit ɗinsa (ɗan swicin da ke tsayar da moto in labule ya kai ƙarshe) zai yanke, sai wutar da ke dawowa daga ɗan uwansa ta bi ta wayar ƙasa ta ture shi baya, ya ɗan sauka limit ya sake kamawa ya koma sama, haka za su yi ta kai da komowa har limit ɗin ya ƙone ko ya manne, kuma limit na cikin moto ne, sau da yawa sai dai a sayi sabo. Wai ana gudun kuɗin rile (ɗan na'urar da ke karɓar umarnin swici ta ba moto wuta), an tashi da kuɗin moto.

Maganin shi ne kowane moto ya samu rile nasa, wanda ake yi musamman dan labule, yana da wurin swicin ɗaki da wurin swicin tsakiya, wato swici guda mai motsa labulen gida gaba ɗaya. A Opera Square a Ankara ko Adum a Kumasi ka tambaya, in mai shago ya miƙo maka rile na banza mai ƙafa takwas ka nuna masa hoto a waya. Ga lissafin wayar. Daga bod ɗin bireka zuwa bos na farko, daga nan zuwa na gaba har na ƙarshe, waya biyar ke tafiya tare: layif, nutural, at, saman tsakiya, ƙasan tsakiya. Daga rile zuwa moto huɗun can. Daga rile zuwa swicin ɗaki uku, wato kwamon (wayar da ke kawo wa swicin wuta) da sama da ƙasa. Swicin tsakiya shi kuma layif yake ɗauka ya jefa a ɗaya daga wayoyi biyun nan, duk rile ɗin da ke layin su ji su motsa tare, amma babu moton da ke taɓa wayar wani. Lambobin da ke jikin rile sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, takardar da ke cikin kwalin ita ce malamarka.

Waya mai kaurin 1.5mm² ta isa, motocin ba su da ci, ka ba su bireka nasu su kaɗai mai amfiya 6 ko 10. Duk layin ya fito daga birekan nan guda, kar swicin tsakiya ya sha daga wani wuri, in ba haka ba ka kashe bireka ka sa hannu a bos kana ganin ba wuta alhali wayar tsakiya na raye. Bos mai zurfi za ka binne dan rile ya kwanta bayan swici, wannan da fayif duk kafin filasta, in magini ya shafe bango kuma sai sara, kuma Hajiya ba za ta yafe maka ƙurar ba.

Swicin tsakiya ni na fi sa shi kusa da ƙofar fita ko gefen gadon mai gida. Abu ɗaya dai, a yawancin rile, swicin tsakiya ke da iko, in swicin irin mai maƙalewa ne aka bar shi a danne, na ɗakuna duk za su mutu, a yi ta kiranka wai aiki ya lalace. Ka duba ko rile naka na riƙe umarni da kansa, in yana riƙewa sa swici mai dawowa.

Gwaji kuma ɗaya bayan ɗaya. Ka saita limit na kowane labule da swicin ɗakinsa, sukurori biyu ne a kan moton, ka juya a hankali kana kallo, sai kowa ya zauna daidai sannan ka taɓa na tsakiya. In kana cikin saiti moto ya yi shiru kar hankalinka ya tashi, bayan kamar minti 4 na aiki ba hutu yakan yanke kansa dan zafi, ka sha ruwa ka jira ya huce.

Sai maganar dumso. In aka ɗauke wuta labule na ƙasa, to a ƙasa zai kwana, ga zafin Ankara ba fanka ba iska. Shi ya sa nake ce wa masu gida ko dai a ɗora birekan labule a layin inbata, ko a sayi moto mai wurin hannu da ake juyawa da sanda, ko da na ɗakin kwana ne kawai.

In ba aikinka ba ne wuta, karanta ka gane dan kar a yi maka irin na Alhaji, amma haɗin ka bar wa mai lasisin Energy Commission, tun dokar wayarin ta 2011 haka ake so a Ghana. Kafin ka biya shi sa shi ya buɗe bos guda a gabanka ka ƙirga rile, in taga shida ce rile shida za ka gani.