In an ɗora ka a kan injiniyoyi, ga yadda za ka bi littattafan tarihin aikin

Sau da yawa ana ɗaga mutum ne don ya iya aikinsa, a wayi gari a ce kai ne oga, alhali ba wanda ya koya masa riƙon mutane. Ni dai shawarata ka ƙyale littattafan nan masu "sirrin shugabanci guda goma", ka nemi tarihin ayyukan da aka yi da gaske.

Fara da The Mythical Man-Month na Fred Brooks, na 1975. Shi ya jagoranci aikin OS/360, manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin kamfanin IBM, kuma abin da ya gano shi ne in aiki ya makara ka ƙaro ma'aikata to ƙara makara zai yi, don tsofaffin sai sun ajiye nasu suna koya wa sababbi, ga kuma yawan waɗanda dole a sanar da su komai kafin a motsa. Babin da ya faɗi haka kaɗai ya isa ka kai wa manajan da ke cewa a ɗauko mutum biyar gobe.

Sai The Soul of a New Machine na Tracy Kidder, 1981, labarin yadda Tom West ya tara samari sababbin kammala jami'a a kamfanin Data General suka haɗa sabuwar kwamfuta. Daɗin karatu kam ba a magana, amma ka lura da kyau, West ya tsare yaransa daga rigimar shugabannin kamfanin, wannan ka ɗauka, amma aikin dare da rana ba kuɗin obataim da ya sa su, wannan kar ka kwaikwaya.

Skunk Works na Ben Rich, 1994, kan sashen kamfanin jiragen sama na Lockheed da ya ƙera jiragen leƙen asiri U-2 da SR-71 ne. Mutane kaɗan, kuma injiniya na zaune dab da masu ƙira. Sai dai ogan wurin ne ke ba da labarin, ka rage gishirin.

The Idea Factory na Jon Gertner ka bar shi ƙarshe. Labarin cibiyar bincike ta Bell Labs ne, inda aka ƙirƙiro taransista, ɗan ƙaramin abin da ke sarrafa lantarki a rediyo da kwamfuta, a 1947, amma kuɗin kamfanin tarho na AT&T ne ya riƙe su shekara da shekaru, kai ba ka da irinsa.

Wajen karatun kuwa ɗaya bayan ɗaya, da biro a hannu. Duk inda aka yanke shawara mai nauyi ka tsaya ka rubuta wa ya yanke, me ya sani a lokacin, wa ya ƙi yarda, sannan ka rufe littafin ka faɗi abin da kai za ka yi kafin ka buɗe shafi na gaba.